Igiyar Toyota da shirun Daihatsu

Kwanakin baya na kai tsohuwar Corolla ɗina gareji saboda wata ƙara da take yi a ƙafar gaba. Makanikin dattijo ne da ya haura shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motoci. Da ya ɗaure noti na ƙarshe sai ya goge baƙin mai da tsumma, ya bubbuga bonet da tafin hannu. "Malam, wannan motar sai dai kai ka gaji da ita," in ji shi. "Mutanen nan ba sa wasa. Ɗan Japan in ogansa ya ce zauna, zama zai yi. Ladabi ne ya kai su inda suke."

Rabin maganar tasa ba ta da ja. Duk wanda ya taɓa shiga Hiace daga Kano zuwa Maiduguri, ko ya ga Hilux tana keta rairayin Agadas da kaya har sama, ya san ƙarkon Toyota ba a baki yake ba. Har yaƙi aka raɗa wa sunanta, wato fafatawar Chadi da Libiya ta 1987. Ɗaya rabin ne ya tsaya mini a rai, domin na sha jin irinsa a bakin masu kamfanoni da masu ba da lacca a taron bita: wai sirrin Japan shi ne biyayya, da sunkuyar da kai, da kwana a wurin aiki. A ganina wannan fahimtar a juye take. Abin da ya ɗaga Toyota shi ne ta bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon cewa a tsaya, akwai matsala. Kuma manyan kamfanonin Japan da suka yi tuntuɓe a 'yan shekarun nan, in ka tona, sai ka tarar wannan ikon ne aka ƙwace, aka bar ladabin shi kaɗai.

Labarin daga masaƙa ya faro. Sakichi Toyoda, wanda gidan ya samo asali daga gare shi, injin saƙa yake ƙerawa. A 1924 ya kammala wani inji mai tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke. Kafin a samu irin wannan dabara, inji ci gaba yake yi da saƙa, sai an gama a tarar da yadi guda ya lalace. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya amince ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000, ɗansa Kiichiro kuma ya juya ga mota, har aka kafa kamfanin Toyota a 1937. Darasin zaren nan shi ya bi gidan zuwa masana'antar mota: gara a tsaya yanzu a kan kuskure ɗaya da a gano dubunsa gobe.

Talauci ma ya taka rawarsa. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, ya nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka shafe kusan wata biyu ana rikici da ƙungiyar ƙwadago, daga ƙarshe Kiichiro da kansa ya sauka daga kujerarsa. Kamfanin da ya fito daga wannan hali ba shi da kuɗin tara kaya a sito kamar Ford, ba shi da sararin ƙera motoci dubu sannan ya ware ma'aikatan gyara. Dole kowace mota ta fito daidai tun karon farko. Injiniya Taiichi Ohno ne ya mayar da wannan dole ta zama tsari: kada a kawo kaya sai lokacin da ake bukatarsu, in an samu matsala a tambayi dalili har sau biyar kafin a yarda an kai ga tushenta, manaja kuma ya taso daga ofis ya gani da idonsa.

Sai igiyar. A saman layin haɗa motoci akwai igiya da ke rataye inda hannun kowane ma'aikaci zai kai. Japanawa suna kiran tsarin andon. Mai ɗaura kujera ya ga noti ya ƙi zama daidai, sai ya ja. Fitila ta kama a allo tana nuna lambar wurinsa, wani ɗan kiɗa ya tashi, shugaban rukuninsa ya iso da sauri. In an warware matsalar kafin motar ta kai iyakar wurin aikin nasa, layi ya ci gaba da tafiya. In ba a warware ba, layin ya tsaya, kowa ya jira. Mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a ginin yana iya tsayar da aikin da kowane mintinsa kuɗi ne masu yawa, kuma wanda ya zo wurinsa taimako ya kawo, ba faɗa ba.

Masu cewa wannan abu a jinin Japanawa yake, su dubi garin Fremont na jihar Kalifoniya. General Motors tana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna a duk Amurka. Fashin zuwa aiki yakan kai kashi 20 cikin 100, ana shan giya a bakin aiki, wasu ma don jin haushin shugabanni sukan jefa kwalbar lemo a cikin ƙofar mota don ta riƙa damun wanda ya saya da ƙara. Dokar gidan ɗaya ce: kada layi ya tsaya ko me ya faru. Mota ta wuce da kuskure, a gyara a baya. A 1982 kamfanin ya gaji ya rufe wurin.

Shekara biyu bayan haka aka sake buɗe shi da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yanke wa ƙauna, ƙungiyar ƙwadagonsu ma ba ta canza ba. Aka kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. Suka dawo aka rataya musu igiya. Ba a daɗe ba motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors, fashin aiki ya faɗo ƙasa warwas. Mutanen nan ba su koyi sunkuyawa ba, ba su zama Japanawa ba. An dai daina ɗaukarsu a matsayin hannuwa marasa kai.

Akwai wani abu da masu yabon igiyar kan manta, alhali shi ne ginshiƙinta. Ba wanda zai nuna kuskure ko ya kawo shawarar da za ta rage aiki in ya san ladansa takardar kora ce. A yarjejeniyar NUMMI kamfani ya yi alkawarin ba zai sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin nan sai an fara rage albashin manya. A 1988 ciniki ya faɗi, masana'antar tana aiki da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, amma ba a kori kowa ba, horo aka tura su. Daga nan ma'aikata suka san maganar ta wuce fatar baki. Sai dai General Motors ta ɗauki shekaru ba ta iya yaɗa darasin zuwa sauran masana'antunta ba, ta kai ga fatara a 2009, NUMMI kuma aka rufe ta a 2010. Ginin yanzu na Tesla ne.

Yanzu mu juya ga 20 ga Disamba, 2023, ranar da ta isa a riƙa tunawa da ita a tarihin kasuwancin Japan. A ranar aka cire Toshiba, kamfanin kayan lantarki, daga kasuwar hannun jari ta Tokyo bayan shekara 74. A ranar kuma kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar da rahoto a kan Daihatsu, kamfanin ƙananan motoci wanda Toyota ta mallaka gaba ɗaya tun 2016.

Abin da rahoton ya ƙunsa yana da nauyi. An gano maguɗi 174 a gwaje-gwajen neman lasisi, ya shafi nau'in mota 64, wasu da tambarin Toyota ake sayar da su, mafi tsufan laifin kuma tun 1989. Asirin ya fara tonuwa ne a watan Afrilun shekarar, bayan wani ya kwarmata cewa ana tsaga cikin murfin ƙofa kafin gwajin karo, don kada ya fashe da kaifi a gaban masu dubawa. Motar da za ka saya ba ta da wannan tsagar. A wani gwajin kuma agogo aka saita don jakar iska ta tashi a kan lokaci, maimakon a bar na'urar motar ta ji karon da kanta. Kamfanin ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa, masana'antunsa na Japan suka tsaya cak har cikin sabuwar shekara.

Me ya kai injiniyoyi ga haka? Kwamitin bai ɗora laifin a kan mugun hali na wasu 'yan tsiraru ba. Tun da kamfanin ya yi nasarar fitar da motar Mira e:S cikin ɗan gajeren lokaci a 2011, sai gaggawa ta zama doka. Ana tsayar da ranar fitar da mota, gwajin karo ya zo a ƙarshe, ba a bar sararin faɗuwa ba. Wanda ya ce lokaci ba zai isa ba ya sha faɗa, wanda ya kawo matsala a ce masa ya san yadda zai yi da ita. Injiniyan da motarsa ta faɗi gwaji yana kallon zaren da ya tsinke, amma ba igiyar da zai ja. Sai ya rufe da ƙarya.

Toshiba ma cutar ɗaya ce, a littafin lissafi kawai ta fito. A 2015 bincike ya gano an kumbura riba da kusan yen biliyan 152 cikin kimanin shekara bakwai. Shugabanni sukan ɗora wa sassa burin ribar da kowa ya san ba za a cim masa ba, kuma masu binciken sun faɗa ƙarara cewa al'adar gidan ba ta bari a saɓa wa na sama. Shugaban kamfanin, Hisao Tanaka, ya sauka. A kamfanin kyamara na Olympus kuwa, Michael Woodford, Baturen Ingila da ya yi wa kamfanin aiki shekara 30, ya hau shugabanci a 2011, ya yi tambaya a kan wasu kuɗaɗe, hukumar gudanarwa ta tsige shi. Daga baya ta tabbata asarar dala biliyan 1.7 aka daɗe ana ɓoyewa. Duk waɗannan gidaje cike suke da mutane masu ladabi, masu zuwa aiki a kan lokaci, masu sunkuyawa daidai gwargwado. Ladabin bai cece su ba, shi ya ba ɓarnar inuwar da ta girma a ciki. Mu da muka tashi ana koya mana cewa yaro ba ya musu da babba, ba sai an fassara mana yadda irin wannan shirun yake ba.

Ba ina wanke Toyota ba ne. A watan Yunin 2024 ita da kanta ta amsa cewa an saɓa ƙa'ida a gwajin nau'in mota bakwai, kuma kafin nan Hino, mai ƙera mata manyan motoci, an kama shi da maguɗin alƙaluman hayaƙi a 2022. Kaizen ɗin nan da ake yabo, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, shi ma yana da farashi. A 2002 wani ma'aikaci ɗan shekara 30 ya yanke jiki ya faɗi a masana'antar Tsutsumi, ya rasu. Matarsa ta bi kadin maganar har kotun Nagoya ta yanke hukunci a 2007 cewa yawan aiki ne ya kashe shi: sama da sa'o'i 100 na ƙarin aiki a watansa na ƙarshe, kuma kotun ta ɗauki tarukan inganta aiki da ake kira na sa-kai a matsayin aiki. Japanawa har suna suka yi wa irin wannan mutuwar, karoshi. Sai da wata matashiya 'yar shekara 24 a kamfanin talla na Dentsu ta hallaka kanta a 2015 saboda nauyin aiki, sannan ƙasar ta girgiza, aka yi dokar 2018 da ta sa iyaka ga ƙarin sa'o'i. Wanda ke nuna mana kwana a ofis a matsayin abin koyi daga Japan, ya sani Japan ɗin da kanta doka ta kafa don ta rabu da shi.

Wata tambayar kuma tana damuna. Sama da kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan Japan a yau ba na dindindin ba ne, 'yan kwantiragi ne da 'yan wucin gadi. Alkawarin nan na aiki har ritaya, wanda ya sa ma'aikaci jan igiya ba tare da fargaba ba, bai kai kansu ba. Yaron da kwantiraginsa zai ƙare nan da wata uku, kuma yana fatan a sabunta masa, anya zai tsayar da layi?

A ƙarshen Janairun 2024 Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban 'yan jarida ya sunkuya ya nemi gafara a madadin rukunin kamfanonin. Sunkuyawar ba ta ɗaɗa ni da ƙasa ba, an ga irinta a Toshiba da Olympus. Abin da na fi ba nauyi shi ne wani layi a cikin matakan da Daihatsu ta miƙa wa ma'aikatar sufuri a watan Fabrairu: ta tsawaita wa'adin ƙera sabuwar mota da kusan kashi 40 cikin 100, ta kuma ƙara ma'aikata a sashen gwaji. Wannan asarar kuɗi ce ta zahiri, kuma amsa laifi ne cewa matsalar daga teburin masu tsayar da rana ta taso. Ingancin Toyota da Daihatsu da za su iso garejin dattijon nan nan da shekara goma ya rataya ne a kan abin da zai faru ranar da wata mota za ta sake faɗuwa gwaji saura mako biyu a fitar da ita, injiniya ya shiga ofishin ogansa ya ce ba za ta fita ba.