Hular surukina tana Kuroshiya

Tunda bidiyon faɗawata ruwa a Kuroshiya ya riga ya zaga ku, har mutanen da ban taɓa ba lambata ba suna kirana suna min jaje cikin dariya, bari in faɗi yadda aka yi da bakina. Abin da kuka gani daƙiƙa goma sha ɗaya ne, kuma an yanke farkonsa.

Kwana tara muka yi a Kuroshiya ni da matata Hajiya, ba yara, ba mai jiran mu. Mun fara da Split, muka kwana uku a cikin fadar Diyokileshiyan, sarkin Rum ɗin nan da ya ajiye mulki da kansa a shekara ta 305 ya koma noman kabeji. Har yau mutane na zaune a cikin fadar, ga shaguna, ga shanya a tagogi. Muka leƙa kufan Salona, muka wuce Zadar, inda aka jera bututu 35 a ƙarƙashin matakalar bakin teku, igiyar ruwa na hura su suna kuka kamar algaita ta yi mura. Abinci ma bai ba mu wahala ba, kifi da burek, wato gashin fulawa mai cuku a ciki, in an kawo nama kuma Hajiya ta haddace "bez svinjetine", wato ban da alade. Matsala ɗaya ce, duwatsun titunan garuruwan nan ƙafa ta goge su sun yi sumul kamar tangaran. Sau biyu na zame a Split. Hajiya ta ce in sayi kambas, na ce mata ni ba ɗan firamare ba ne.

Rana ta bakwai muka hau bas daga Zadar zuwa Plitvice, tafiyar kamar awa biyu. Tafkuna 16 ne a jere kamar matakala, 12 a sama, 4 a ƙasa, kowanne na zuba a na ƙasa da shi. Tikiti ta intanet ake saya tun da wuri, a watan Yuni yuro 40 ne mutum ɗaya, kuma da ƙofar da za ka shiga da sa'ar shigarka duk suna rubuce a jiki. Mu ƙofa ta ɗaya muka zaɓa da hanyar C, kimanin kilomita takwas, awa huɗu zuwa biyar. Amfaninta shi ne ruwan yana gabanka kana hawa, ba sai ka yi ta waiwaye ba. Za ka fara da babban mafaɗar ruwan, Veliki Slap, mai tsawon mita 78, ka bi tafkunan ƙasa har tashar jirgi ta P3, jirgi mai lantarki ya tsallakar da kai tafkin Kozjak cikin minti ashirin, sai ka hau tafkunan sama, mota ta dawo da kai. A P3 ɗin nan a ci abinci a shiga banɗaki, don in an tsallaka sai an yi nisa kafin a ga wani.

Ni kuwa ranar na ci ado. Farar shadda mai sitaci, takalmin fata ɗinkin hannu mai tafi sumul, sai zannar nan mai ruwan goro da surukina Abba ya ba ni, wadda kuka sani. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa a masauki ta ce, "Yallaɓai, ɗaurin auren wa za mu?" Ban tanka ba.

Hanyar ta katako ce, an shimfiɗa ta a kan ruwa, faɗinta da ƙyar mutum biyu su gifta juna, kuma a mafi yawan wurare ba abin dafawa. Katakon ba a daidaita yake ba, kowane ɗan taƙi akwai matakala guda da ba ta da alama. Kusa da mafaɗar ruwa kuma feshi na sauka a kai dare da rana, ya jiƙa ya yi yauƙi. Mai tafin roba mai zane ba ya ma sanin ana yi. Tafin fata kuwa in ya sha ruwa sabulu yake komawa.

A gaban Veliki Prštavac, a tafkunan sama, na miƙa wa Hajiya waya na ce ta ɗauke ni bidiyo na tura wa 'yan gida. Dabarata ita ce in riƙa ja da baya ina magana, ruwan na zuba a bayana. Na gyara hula, na gyara murya, na ce "Assalamu alaikum 'yan uwa, yau ga mu a..."

Ban san akwai matakala a bayana ba. Dunduniyar dama ta nemi katako ta rasa, ta hagu ta zame gaba, sai ji na yi tsundum, ƙafar dama ta shige ruwa har cinya, ta hagu kuma tana miƙe a kan katako tana kallon gabas. Na zauna daɓas a gefen hanya kamar mai hawan jaki a kaikaice. A tsakanin ƙafafun nan biyu wandon shadda ya yanke hukunci, ɓaraaat, ƙarar da ko rugugin ruwan bai danne ta ba. Ku da kuke cewa an ƙara sautin a bidiyo, ba a ƙara komai ba.

Sanyin ruwan sai da ya hau min har haƙori. Takalmin dama ya cire ya sauka ƙasa a hankali, ruwan kuma garau yake kamar gilashi, kowa na kallon sa yana lilo har ya kwanta, kifaye suka taru a kansa suna shinshina. Hula kuwa ta faɗa ta baya, ta kife ta tashi kamar ƙwarya, ta fara juyi. Ta bi ta ƙarƙashin katako ta ɓullo ta ɗaya gefen. Hanyar ta toshe saboda na tare ta, mutum ya fi hamsin a bayana, ciki har da wani ayari daga Koriya, duk suka juya wayoyinsu daga mafaɗar ruwa zuwa hulata. Da ta kai bakin gangara ta ɗan tsaya jikin ciyawa, na ce Alhamdulillahi, sai ta karkata ta tafi. Ayarin nan gaba ɗaya suka ce "ooo" murya ɗaya. Hajiya ba ta sauke wayar ba. Ta ce wai hannunta ne ya ƙage don firgita. Wanda ya ji yadda kafaɗunta ke girgiza hoton ya san irin firgitar.

Amma wadda ta fi ci min rai wata tsohuwa ce, da alama Bajamushiya. Ba za ta gaza saba'in da biyar ba, gajeriya, busasshiya, da sandunan tafiya biyu da jakar goyo da takalmi kamar tayar tarakta. Sau uku tana wuce mu tun tafkunan ƙasa, sai ta tsaya ɗaukar hoton ganye mu wuce ta, ta sake cim mana ko haki ba ta yi. A jirgi ita ce a gabana, minti ashirin cur idonta na kan ƙafata. Ba ta ce komai ba, sai dai ta taɓa mijinta da gwiwar hannu ta nuna masa da haɓa. Tun a nan na tsane ta.

Ita ce ta keto layin. Ta durƙusa, ta ƙara wa sandarta tsawo, ta zura, ta saƙalo takalmina ta maɗauri tashi ɗaya, kamar sana'arta ke nan. Na miƙa hannu in karɓa. Ba ta ba ni ba. Sai ta kifa shi, ta shafa tafin da babban yatsa, ta nuna wa mijinta, ta ɗaga wa mutanen layi su ma su gani. Sannan ta ɗaga ƙafarta guda, tsohuwar nan, a tsaye kan jiƙaƙƙen katako ba ta dafa komai ba, ta nuna min zanen tafin nata takalmin tana ƙwanƙwasa shi da sanda. Wani ya tafa. Ta buɗe aljihun jaka ta ciro fil guda uku ta ba Hajiya, ta nuna wandona, ta yi gaba abinta. Wane irin mutum ne ke yawo da fil a daji? Tun daga gida ta shirya wa faɗuwar wani ke nan. Hajiya har yau in an tashi zancen sai ta ce "baiwar Allah mai kirki", kuma fil ɗin suna cikin jakarta, ta ƙi yar da su.

Ina cikin lalubar yadda zan miƙe ba tare da na juya wa Koriya baya ba, sai ga ma'aikacin wurin. Ya ce an hana shiga ruwa. Na ce masa ai ba shiga na yi ba, faɗawa na yi. Ya ce ya gane, amma duk da haka sai da ya yi min karatu. Wai shingayen da suka raba tafkunan ruwan ne ke gina su da kansa, farar ƙasar da ke narke a cikinsa tana kwanciya a kan gansakuka ta daskare ta zama dutse mai taushi, kimanin santimita ɗaya a shekara, don haka taku guda na iya rusa aikin shekaru. Ya ce tun 1949 ake kare wurin. Na tambaye shi hulata fa. Ya kalli inda ruwan ya nufa, ya ce duk tafkunan a kogin Korana suke ƙarewa.

Fil uku ba su riƙe shadda mai sitaci ba. Gyalen Hajiya na ɗaura a ƙugu, mai ruwan hoda da duwatsu, na hau sauran tudun da shi kusan awa guda har tashar mota, takalmi na cakal-cakal, fatar ta saki ta sale min ɗan yatsa. Duk wanda muka gifta sai ya yi min murmushi ya gyaɗa kai, ina jin sun ɗauka kayan gargajiyarmu ne.

Shi kuma autansu Hajiya, da ya yanko fuskata daidai lokacin da bakina ke buɗe ya mai da ita sitika, ina sane da kai. Ni na biya maka kuɗin jarrabawa sau biyu. Jiya a zauren WhatsApp na masallacin unguwa aka sanar da canjin lokacin Asuba, wani ya amsa da fuskata.

Abba dai bai ce komai ba tukuna, ba ya WhatsApp. Ranar Juma'a da na je gaishe shi ya ɗan kalli kaina ya daɗe, amma wataƙila aski ya gani. Na kai wa mai huluna hoton zannar, ya ce irin wannan aikin sai an aika Maiduguri, wata biyu in an yi sauri, kuma ruwan goron ba lallai ya zo daidai ba. Kambas ɗin na saya a Zadar washegari. Sun ɗan matse ni.