Mun Rage Ɗaki, Mun Ƙara Mutum

Duk wanda ya taɓa neman rancen sayen gida ya san cewa banki ba ya fara tambaya da gidan da kake so, yana farawa ne da abin da ka riga ka tara. Ba ya biyan kuɗin gida gaba ɗaya, sai mai saye ya fara ajiye nasa kason, wato kafin alƙalami, wanda a wurare da yawa yakan kama daga kashi 10 zuwa kashi 20 cikin 100 na farashin gidan, sannan bankin ya cike ragowar, ya bi ka bashi na shekara 20 ko 25 ko ma 30. Ko tsarin mai kuɗin ruwa ne, ko irin na bankunan Musulunci da ake sayen gidan tare kana fansar kason banki sannu a hankali, da wuya a tsallake wannan ƙofa, kuma gwargwadon yawan abin da ka ajiye tun farko, gwargwadon sauƙin abin da za ka riƙa biya duk wata. Abin da babu wanda yake bayyanawa shi ne inda magidancin da kuɗin haya ke lashe babban kaso na albashinsa zai samo waɗannan kuɗi.

Ni dai na samo amsa, kuma har gobe ina nan a kan cewa amsar tana da kyau. Na zauna da takarda da biro na tsara cewa mu bar gidan da muke haya mai ɗakin kwana uku, mu koma mai ɗaki biyu wanda hayarsa ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku, bambancin kuma mu riƙa zuba shi a wani asusu na dabam wanda ba za mu karɓi katinsa ba, domin kada zuciya ta raya mana wani abu. Na karanta wa uwargida tsarin daga sama har ƙasa, tana saurare cikin natsuwar da ya kamata ta ba ni tsoro. Da na gama sai ta ce, "Maigida, a wannan lissafi naka mu nawa ne a gidan?" Na ce mu biyar, ni da ita da yara uku. Ta ce, "To, ka sake ƙirgawa." Ta wannan hanya na sami labarin cewa akwai na shida a hanya. Na yi murna, na yi godiya ga Allah, sannan na duba takardata na ga babu abin da ya canza, tunda jariri bai wuce tsawon hannu ba, kuma ban taɓa jin jaririn da ya nemi ɗaki nasa na kansa ba.

Ɗakin da babu kowa a ciki babban maƙaryaci ne. Ranar da dillali ya kai mu ganin gidan, ya tsaya a tsakiyar falo ya buɗe hannuwansa biyu yana juyawa, yana cewa mu dubi sarari, kuma da gaske hannunsa bai taɓa bango ba. Muryarmu har amsa-kuwwa take yi. Na auna ɗakunan da taku, na rubuta, na gamsu. Tef ɗin awo yana cikin aljihun motata a lokacin, amma na ga bai dace a nuna wa dillali rashin yarda ba.

Wadda ta fara nuna adawa da ƙaurar ita ce doguwar kujerar falo mai zaman mutum uku. Masu ɗaukar kaya sun hau da ita matakala lafiya lau har zuwa kwanar da ke gaban ƙofarmu, a nan ta tsaya cik. Aka miƙar da ita tsaye, ta tokare silin. Aka kwantar da ita a gefe, hannunta ya kama ƙarfen matakala. Aka juya ta baya ya koma gaba, sai ta shiga rabi ta maƙale, ba shiga ba fita, ta raba iyalina gida biyu: uwargida da ƙaramar 'yarmu suna ciki, ni da sauran muna waje, maƙwabtan da ke sama kuma sun yi layi a bayanmu da jakunkunansu suna jiran hanya, wanda shi ne gaisuwarmu ta farko da su. Kowa ya zama injiniya a wurin. Wani dattijo daga hawa na sama ya ce a ɗaga ta hagu, matarsa ta ce dama, babban ɗana ya ba da shawarar a bar ta a nan a riƙa zama a kanta a matakalar. A ƙarshe aka kira kafinta, ya cire ƙofar gidan daga maratayarta, ya kwance wa kujerar ƙafafu huɗu, ta shiga. Ƙafa uku kawai aka gani bayan an gama, saboda haka muka yanke shawarar a bar ta a ƙasa babu ƙafa ko ɗaya, ta yadda yanzu duk baƙon da ya zauna a kai sai an miƙa masa hannu kafin ya tashi.

Kabad ɗin tufafinmu ya shiga ɗakin kwana ba tare da gardama ba, sai dai bango ɗaya ne tak zai iya ɗaukarsa, kuma a jikin wannan bango makunnin fitila yake. Tsakanin kabad da bango akwai 'yar tazara wadda hannun babba ba ya shiga. Hannun ƙaramar 'yarmu ne kaɗai ke isa, saboda haka ita ce ta zama mai kula da hasken ɗakin iyayenta, ta kunna da magariba, ta kashe kafin ta kwanta. Ba a jima ba ta gane darajar muƙaminta, ta fara sa sharuɗɗa. Akwai daren da aka yi mata faɗa ta tafi ta kwanta da fushi, muka kwana fitila na ci, ni da uwargida kowa da mayafi a fuska, babu mai cewa uffan.

Kayan da suka kasa samun wuri kuwa sun fi waɗanda suka samu yawa: teburin cin abinci, gado guda, akwatunan littattafaina, kekunan yara, da wasu kwalaye da ba a buɗe ba tun ƙaurar da ta gabata amma aka tabbatar mini cewa abin da ke ciki yana da muhimmanci. Na nemi masu sayen tsofaffin kaya, suka zo suka taya da farashin da ya sa na ji kamar zagina suke yi. Da na ƙi sayarwa, sai ya zama dole mu kama hayar sito, wanda yake cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muke ragewa duk wata. Idan aka haɗa da kuɗin mota da na masu ɗaukar kaya da na kafinta da ladan dillali, da kuɗin da mamallakin sabon gidan ya riƙe saboda ɓarna tun ba a mayar mana da na tsohon ba, watannin farko babu ko sisi da ya shiga asusun nan mai alfarma. Na ce wa uwargida sannu ba ta hana zuwa. Ta ce haka ne, amma in ƙarasa karin maganar, domin akwai sauranta.

Yara uku suka haɗu a ɗaki ɗaya a kan gado mai hawa biyu da katifa guda da ake turawa ƙarƙashinsa da rana. Rikicin wanda zai kwana a sama ya ɗauki lokaci kafin a sasanta, kuma babban da ya yi nasara da hujjar shekaru shi ne ya fara neman a canza, bayan da ya gano cewa idan ya tashi zaune babu tazarar kirki tsakanin kansa da fanka. An ja iyaka da alli a ƙasan ɗakin, an raba kabad hawa-hawa, ana kawo mini ƙarar keta iyaka kusan kowace yamma. Banɗaki kuma ɗaya ne. Na rubuta jadawalin shiga na manna a ƙofa, minti goma-goma ga kowa, na sa sunana a farko bisa dalilin cewa ni nake fita aiki da wuri, amma jadawali ba ya aiki a kan mai juna biyu, ba ya kuma aiki a kan yarinyar da ta ce ba za ta iya jira ba.

Sannan jariri ya iso, kuma kamar yadda na faɗa, bai wuce tsawon hannu ba. Kayansa ne suka fi na kowa a gidan: gadonsa, bahon wankansa, kekensa, kwandon tufafi masu tsabta, kwandon marasa tsabta, da igiyar shanya da ta ratsa falo daga taga zuwa ƙofa, wadda sai ka sunkuya kafin ka wuce. Surukata ta zo taya mu hidima, Allah ya saka mata da alheri, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa gidan kallo, sannan ta ce mini, "Ɗana, ina sauran gidan?" Na ce, "Mama, ai sauran yana banki." Ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa mara lafiya. Ita ta kwana da 'yarta da jikanta a ɗakinmu, ni kuma na koma kan kujerar da ba ta da ƙafa, ƙarƙashin shanya, inda wani lokaci ɗigon ruwa ke tashina kafin agogo.

Duk da haka kuɗi sun fara taruwa, kuma sun taru fiye da yadda takardata ta yi hasashe, sai dai ba ta hanyar da na tsara ba. Bambancin kuɗin haya ya taimaka, kuɗin wuta da na ruwa sun ɗan ragu, amma babban abin da ya cika asusun shi ne cewa mun daina sayen komai, domin babu inda za a ajiye shi. Uwargida ta kafa doka cewa babu abin da zai shigo gidan sai wani abu mai girmansa ya fita. Na ga babbar talabijin an karya farashinta, na tsaya ina kallo, sai na tuna cewa bangon da za ta hau yana ɗauke da keken jariri a rataye, na wuce. Yara sun daina roƙon kayan wasa tun ranar da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai rabu da shi tukuna. Baƙi masu zuwa da niyyar kwana biyu su yi mako sukan duba falon su tuna cewa suna da wani uzuri a gaba. A ganina wannan shi ne ainihin amfanin ƙaramin gida ga mai tara kuɗi, kuma ban taɓa jin wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi ya ambace shi ba.

Da abin da ke asusun ya kusa kai adadin da na rubuta tun farko, na ɗauki takarduna na tafi banki da ƙarfin gwiwa. Ma'aikaciyar ta yaba mini, sannan ta yi mini bayani cikin ladabi. Kafin alƙalami kaso ne na farashi, saboda haka idan gidan da yake 100 ya koma 110, kashi 20 ɗinka ya tashi daga 20 ya koma 22, kuma farashin gidaje bai zauna yana jirana ba. Bayan wannan akwai kuɗin lauya, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na rajistar takardu, waɗanda duk ba sa cikin rancen. Ta kuma tambayi yawan waɗanda nake ciyarwa, domin banki yana duba abin da ke rage wa mutum bayan ya sauke nauyin iyalinsa kafin ya yanke abin da zai ba shi. Ashe ɗan jaririn nan da bai iya zama ba ya riga ya rage abin da za a ranta mini, ya kuma ƙara ɗaki ɗaya a kan gidan da ya kamata mu saya.

Na dawo gida na sabunta yarjejeniyar haya, sannan da daddare na tara iyali na shaida musu cewa dillali ya ba ni labarin wani gida mai ɗaki ɗaya da falo, kuma bisa lissafina idan muka ƙara haƙuri kaɗan za mu cim ma farashin kafin ya sake gudu. Babu wanda ya ɗaga murya. Babban ɗana ya tambaya ko gidan yana da fanka. Uwargida ta ce ra'ayin yana da kyau ƙwarai, har ma ita ta yi nata lissafin, ta gano cewa akwatunan littattafaina ne suka cinye rabin siton da muke biya, kuma ta riga ta yi magana da mai saye, zai zo ranar Asabar. Ƙaramar kuwa ta miƙe ta ce tana jin barci, duk mai son a kashe masa fitila ya faɗa yanzu.