Bakatsine da Banufe a Bakin Kogin Thames

Bakatsine ya yi baƙo a Landan, abokin wasansa Banufe, sai ya ja shi kallon tseren kwale-kwale tsakanin jami'ar Oxford da ta Cambridge. Suka kutsa cikin jama'a har kusa da gadar Hammersmith.

Banufe: Bawana, tun hantsi muke tsaye, yatsuna sun ƙandare. Ina jiragen?

Bakatsine: Haƙuri dai, ɗan fito. Sai ruwan teku ya turo tukuna, shi suke bi su haura daga Putney zuwa Mortlake, kusan kilomita 7.

Banufe: Au, ruwa ne ma zai tura su? To me suke ɗaukowa daga Putney ɗin, doya ko kifi?

Bakatsine: Ba komai.

Banufe: Fasinja fa?

Bakatsine: Ko ɗaya.

Banufe: Ƙarti 8 a jirgi, ba kaya, ba kuɗin fito. Iyayensu sun sani?

Bakatsine: Iyayen ne ke ta ihu a bayanka. Tun 1829 ake wannan karawa, kai!

Can sai wuri ya kaure da sowa.

Bakatsine: Ga su nan! Masu shuɗi mai duhu su ne Oxford, masu shuɗi mai haske Cambridge.

Banufe: Subhanallahi! A tsayar da su! Yaran nan sun ba hanya baya!

Bakatsine: Haka ake tuƙin. Ka ga ɗan ƙaramin can a ƙarshen jirgi? Shi ke ganin gaba, shi ke karkata jirgin.

Banufe: Wanda ba filafili a hannunsa, sai tsawa yake ta daka wa masu aiki?

Bakatsine: Shi fa.

Banufe: A bincika, kakansa Bakatsine ne. Tsaya in ɗauki hulata, iska ta ture ta. Yauwa. To, ina suke?

Bakatsine: Sun sha kwana.

Banufe: Yaushe za su dawo?

Bakatsine: Baɗi. Tseren duka yawanci ba ya kai minti 20, sauran sai mu gani a wancan babban allon.

Banufe: Wato talabijin ka kawo ni kallo a cikin hunturu, alhali akwai irinta a ɗakinka, ga shayi ga bargo.

Bakatsine: Kai ba ka san daɗin abin ba. Wata shekarar har nutsewa ake yi. A 1912 jiragen biyu duk suka cika da ruwa, sai da aka sake tseren. Na Cambridge ma ya nutse a 1978.

Banufe: Duk ilimin nan, ba wanda ya tuna ya zo da ƙoƙon kwarfe ruwa? Bari dai. Nawa ake ba wanda ya ci?

Bakatsine: Ko sisi. Kofi ne da suna. Sai kuma al'adarsu ta da, waɗanda suka ci su ɗauki ɗan ƙaramin nan cak su wurga shi cikin kogi.

Banufe: Mai tsawar?

Bakatsine: Shi.

Banufe: Ashe dai da hankalinsu! Na janye maganata, yaran nan sun yi karatu. Bawana, matso nan bakin ruwa in nuna maka wani abu.

Bakatsine (ya ƙanƙame ƙarfen gada da hannu biyu): Daga nan ma ina gani.

Banufe: Tsoro kake ji?

Bakatsine: Kunya dai.