Hanta ake gudu, amma ta ganye abin yake shigowa

Ranar Asabar da sassafe na je kwata sayen kayan ciki. Mahaucin da na saba da shi ya ɗora hantar saniya a kan teburi ya ratsa ta da wuƙa, sai na ji wuƙar ta yi ƙaras-ƙaras kamar ta bi ta kan yashi. Ya danna wata farar jijiya mai kauri da babban yatsa, sai ga wani abu ya sulɓo, fale-fale kamar ganye, ruwan toka, tsawonsa ya kusa ɗan yatsana, yana miƙewa yana lanƙwashewa a hankali. Wata Hajiya da ke gefena ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Malam, wannan kake sayar mana?"

"Haba Hajiya, wannan ai na zubarwa ne. Ga wata can lafiya lau."

Ko kallon ta ba ta yi ba. Ta fasa cinikin gaba ɗaya. Da na fito na same ta a bakin ƙofa tana zaɓen latas wajen mai kayan lambu, shi kuma yana ta yayyafa wa ganyen ruwa daga wani bokiti don ya yi shar. Tun ranar abin yake cina, domin a ilimin wannan cuta, abin da ta guje wa ya fi abin da ta saya sauƙin haɗari.

Wannan tsutsa ta hanta, likitoci suna kiran jinsinta Fasciola. Iri biyu ce. Akwai ƙaramar, mai tsawon kamar santimita 3, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi. Akwai babbar, gigantica, wadda kan kai santimita 7, ita ce ta ƙasashenmu masu zafi, ita ce kuma mahauta ke cin karo da ita a hantar shanu da tumaki. Tana zaune ne a cikin hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi, tana zuba ƙwai, ƙwan yana fita cikin kashin dabbar. In kashin ya faɗi a busasshiyar ƙasa, magana ta ƙare. In kuwa ya faɗa ruwa, ƙwan zai ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi wata 'yar katantanwa ta ruwa ya shige jikinta. A cikinta yake hayayyafa, guda ɗaya ya zama da yawa, sannan su fito su manne a jikin ciyawa da ganyen da ke cikin ruwa ko bakinsa, kowanne ya lulluɓe kansa da ɓawo ya zauna jira. Ido ba ya ganin su sai da ƙyar. Saniya ta zo kiwo a fadama ta haɗiye su. Mutum kuma ya haɗiye su a ɗanyen ganye, ko a ruwan da ya ɗiba ya sha.

Ke nan tsutsar da Hajiya ta gani ta riga ta gama tafiyarta. Hantar da aka dafa ta nuna ba ta saka wa mutum wannan cuta. Ban ce a ci lalatacciyar hanta ba, ƙazanta ƙazanta ce, kuma mahaucin da ya zubar ya yi daidai. Wanda ke cin hanta ɗanya ko rabin gashi shi ma yana wasa da lafiyarsa ta wasu fuskokin. Amma ƙofar da wannan tsutsa ta saba shigowa ita ce kwanon salak.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da ita a ƙasashe fiye da 70. Inda ta fi ƙamari shi ne tuddan Bolibiya da Peru, kusa da tafkin Titikaka, inda yara makiyaya ke tsinkar ganyen bakin ruwa suna ci suna tafe da dabbobi. A Masar, ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna fama da ita ta hanyar ɗanyen ganyen da ake ci da abinci. A lardin Gilan na ƙasar Iran ta ɓarke a 1989, ta sake ɓarkewa bayan shekara goma, dubban mutane suka kamu, kuma ganyayen ƙamshi na daji da suke ci ɗanye aka ɗora wa laifi. Duba waɗannan wurare da kyau: dabbobi, ruwa mai kwanciya, katantanwa, ɗanyen ganye. Yanzu ka tuna fadamar garinku da rani. Shanu na shan ruwa a nan, taki goma daga nan injin ban ruwa na zuƙo ruwan nan ɗin dai yana kai wa latas da kabeji, da yamma kuma a cikinsa za a wanke kayan kafin a loda su a mota. Wanne ne babu a cikin huɗun?

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ai laifin makiyaya ne. Saniya ba ta da wani wurin shan ruwa da rani sai fadama, kuma makiyayi shi ne farkon wanda ke asara: dabba ta rame, nono ya ragu, hanta ta tafi juji. Kada kuma a ce a daina cin ganye, mu da jini bai ishe mu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take sajewa da cututtukan da muka saba. Bayan an haɗiye ta, 'yar tsutsar tana huda hanji, ta ratsa cikin ciki, ta shiga naman hanta tana haƙa hanya har tsawon watanni. Lokacin mutum zai yi ta zazzaɓi, ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, tashin zuciya, wani har da ƙaiƙayin jiki. Wa zai ji wannan bai ce taifod ba? In zafin ya yi sama kaɗan a ce olsa. A je kemis a haɗo na maleriya da na taifod, a ƙara da jiƙo. Ko an kai kashi gwaji a wannan mataki ba za a ga ƙwai ba, domin sai ta yi wata uku zuwa huɗu ta isa hanyar matsarmama kafin ta fara zubawa. Abin da kan tona ta da wuri shi ne gwajin jini, inda wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ke hawa sosai, sai kuma hoton ciki. Bayan ta zauna tana iya shekaru, wata rana ta toshe hanya ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce.

Akwai wani abin dariya ma. Wanda ya ci tsiren hanta mai ƙwai a ciki, in aka gwada kashinsa washegari ana iya ganin ƙwan alhali lafiyarsa ƙalau, wucewa kawai ya yi. Shi ya sa ake cewa ya bar cin hanta na 'yan kwanaki a sake gwaji.

Maganinta sunansa triclabendazole. Don dabbobi aka fara yin sa, daga baya aka samar da na mutane, kuma kamfanin Novartis yana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙasashen da suka nema. Praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya ba ya kashe wannan. Yana dai kashe 'yan uwanta na gabashin Asiya, waɗanda ake ɗauka daga ɗanyen kifin ruwan daɗi a Tailan da Sin da Koriya, masu jawo kansar hanyar matsarmama. Waccan wata magana ce daban, mu kifinmu soyawa muke yi ko mu banda. Don Allah kuma kada wani ya karanta wannan ya nufi shagon maganin dabbobi ya auna wa kansa na shanu.

Ra'ayina shi ne muna zubar da labari kyauta kowace safiya. Duk hantar da likitan dabbobi ya hana sayarwa a kwata shaida ce cewa akwai ruwan da ke ɗauke da wannan abu a wani wuri. Me zai hana wannan lissafi ya isa teburin likitan mutane, ya san cewa in mai noman rani ko 'yar tallar kwaɗo ta zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani da ciwon gefen dama, akwai abin tambaya ban da taifod? Tsakanin kwata da asibiti a garuruwa da yawa tafiyar ƙafa ce.

A gida kuwa, dafuwa tana kashe 'ya'yan tsutsar da ke manne a ganye. Zogale da rama da ake tafasawa kafin a kwaɗa ba su da matsala. Latas da sauran abin da ake ci ɗanye su ne abin lura, kuma ɗauraya da ruwa zalla ba ta ɓamɓare dukkansu, sai an jiƙa a ruwan da aka zuba wa khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, na ɗan lokaci, a bi ganyen ɗaya-ɗaya, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta.

Kafin in bar bakin kwatar na tambayi mai latas ɗin daga ina ya ɗebo ruwan bokitinsa. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinmu, ya ce, "Daga rafi mana, Alhaji. Na nawa za a ba ka?"