Tsarabar yaƙi: bindigar da kaka ya dawo da ita ta waye?

Akwai wata ɗabi'a ta Amurkawa da na daɗe ina kallo a intanet, tun tana bani mamaki har ta fara bani haushi. Mutum zai fito da tsohuwar bindiga daga akwati, ya goge ta tas, ya ɗau hoto ya ce wai kakansa ne ya kwaso ta daga Jamus a 1945, sai ka ga jama'a sun yi caa, wannan na tambayar lambar jikinta, wancan na cewa nawa za ka sayar. Kasuwa ce guda fa, har gwanjo ake yi, kuma wasu ba su da wani abin sha'awa a rayuwa sai tara waɗannan bindigogi.

A yaƙin duniya na biyu abin da sojan Amurka ya fi kwaɗayi shi ne ƙaramar bindigar Jamusawa mai suna Luger, sai Walther P38. Waɗanda aka tura ɓangaren Japan kuma doguwar bindiga Arisaka da ƙaramar bindiga Nambu da takubban hafsoshi suke nema. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, hafsanka ne zai sa maka hannu a takarda cewa an yarda ka tafi da ita gida. To yau wannan takardar ita ce kuɗin. Bindiga iri ɗaya, shekara ɗaya, amma mai takarda da sunan soja ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ma 'yan damfara suka shigo suna buga takardun bogi, wasu har tambarin SS, dakarun musamman na Hitler, suke bugawa a jikin ƙarfen don farashi ya tashi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Arisaka. A saman kusan kowacce akwai tambarin fure, alamar Sarkin Japan, ma'ana bindigar tasa ce. Da Japan ta miƙa wuya a 1945 sai aka riƙa kankare furen kafin a miƙa bindigogin. Saboda haka idan ka ga wadda furenta yake nan daram, galibi a filin daga aka ɗauke ta, kuma ita masu tarawa suka fi so. Wato dai a fakaice ana ƙara kuɗi ne saboda mai ita ya faɗi a wajen. Shi ma fa ɗan wasu ne, wataƙila manomi aka ɗebo aka sa masa kaki, uwarsa ta jira shi har ta gaji. Ni a nan ne na kasa gane daɗin abin wallahi.

Ba wai ina cewa duk mai tarawa mugu ba ne, a'a. Wasunsu sun fi malaman tarihi sanin masana'antar da ta ƙera kowace bindiga da rundunar da ta riƙe ta, kuma da ba don su ba da yawa da an narkar da su tuntuni. Shi kansa sojan da ya ɗauko ban ga laifinsa sosai ba, yaro ɗan shekara 19 da ya ga mutuwa ido da ido yana son wani abu a hannu da zai nuna cewa eh, na je kuma na dawo. Matsalata da jikan ce, wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi a kansa ba amma ya mayar da abin haja.

Su kansu hukumomin Amurka ai sun ja baya a hankali. A 1968 sai da suka ba da kwana 30 na afuwa don mutane su yi rajistar bindigogi masu sarrafa kansu da suka ɓoye a gida, da yawansu tsarabar yaƙi ne. A yaƙin Biyetnam ana barin soja ya kawo SKS, bindiga mai harbi ɗaya-ɗaya, amma ban da AK-47. Zuwa lokacin yaƙin Iraƙi kuwa an hana ƙananan sojoji. Sai dai kun san manya, fistol ɗin da aka samu a wajen Saddam Husaini lokacin da aka kama shi a Disamba 2003 sai da aka kai wa shugaban Amurka na lokacin George W. Bush, ya ajiye ta a Fadar White House yana nuna wa baƙi.

Mu ma fa iyayenmu sun je yaƙin duniya na biyun. 'Yan mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 sun gwabza da Japanawa a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Amma abin da ya rage mana daga can galibi lambobin yabo ne da sunayen barikoki, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Dodan a Legas. Kuma ni dai ban ga asarar da muka yi ba. A addininmu ma ganima ba ta wanda ya fara ɗauka ba ce, tarawa ake yi a raba, wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo kuwa malamai sun ce babban zunubi ne.

Sannan ku duba halin da muke ciki. Makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 har yau muna ɗanɗana kuɗarsu daga Mali zuwa Zamfara. A irin wannan ƙasar wani zai ce a bar soja ya dawo daga Sambisa da AK ya rataye a falo don tarihi? Haba dai. Dokar makamai ta 1959 ma ta hana farar hula riƙe irinta. In tarihi ake so a kai gidan tarihin yaƙi na Umuahia inda kayan yaƙin basasa suke, a cire mata abin harbi, a rubuta inda aka samo ta da ranar, in an san sunan wanda aka ɗauke ta a hannunsa shi ma a rubuta.