Saniyar Tenere da masu farautarta

Jiya ɗan ƙanwata ya shigo min da wani abin wasa na roba, baki wangame, haƙora zaƙo-zaƙo. "Kawu, ka san wannan? T. rex ke nan, sarkin dainoso!" Na ce masa to, kai ka san Nigersaurus? Sai ya yi sororo yana kallona kamar na yi masa wani yare.

Abin ya tsaya min a rai, jama'a. Yaro a Damagaram ya san dabbar da ta rayu a Arewacin Amurka shekara miliyan 66 da suka wuce, amma bai taɓa jin wadda ke ɗauke da sunan ƙasarsa ba, alhali duka biyun dainoso ne, wato dabbobin zamanin da can da suka ɓace daga doron ƙasa. Kuma ban ga laifinsa ba. Mu manya ma mai cizo da yaga muke so a ba mu labarinsa, kamar yadda kura ta cika tatsuniya, saniyar da ke ba mu nono kuwa ba mai kula ta.

A hamadar Tenere akwai wani wuri, Gadufawa, wanda Abzinawa ke fassara sunansa da inda raƙuma ke tsoron zuwa. Yau yashi ne iya ganinka. Wajen shekara miliyan 110 baya kuwa koguna ne da fadama. A nan Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono ƙasusuwa tun shekarun 1960, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya raɗa wa dabbar suna Nigersaurus a 1999.

Ku dubi halittar nan da kyau. Tsawonta kusan mita 9, bakinta a miƙe yake, mai faɗi kamar bakin shebur, haƙora sama da 500 duk a gaba. Ba duka ke aiki lokaci guda ba, jeri-jeri suke, na baya suna jiran na gaba su ƙare. Kowane haƙori bai wuce kwana 14 ba sai sabo ya ture shi, saboda kai a ƙasa take kiwo, tsirrai da yashin da ke maƙale da su suna cinye haƙoran. Ƙashin kanta kuwa siriri ne har haske na ratsa wasu wurare. Ba ƙaho, ba sulke. Masu binciken da kansu saniyar wancan zamanin suke ce mata.

To da su wa take zaune? Akwai Eocarcharia mai haƙora kamar wuƙaƙe. Akwai Suchomimus mai kusan mita 11 da dogon baki irin na kada, ko da yake shi kifi ya fi damunsa. A bakin ruwa kuma ga Sarcosuchus a laɓe, shi ba dainoso ba ne, dangin kada ne da ya kai mita 9 ko fiye. Shan ruwa kawai a wurin nan sai an sayar da rai.

Duk da haka Nigersaurus na cikin waɗanda aka fi samun ƙasusuwansu a wurin. Ni wannan ne ya fi burge ni. Mafarauci kullum kaɗan ne, kuma cikinsa a hannun garke yake: garke ya ragu, shi ma yunwa ta gama da shi. Wadda take tsakiyar waɗannan maciya nama, ba makami, tana kiwo tana hayayyafa har ta cika fadama, ita ya kamata a yi wa kirari.

Kafin wani ya ce min ƙaryar Turawa ce, ƙasusuwan dainoso na nan a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, a je a gani da ido.

Da na gama ba yaron labari, sai ya jujjuya abin wasansa ya ce, "To Kawu, ina ake sayar da na robarta?" Yau da safe na zaga kasuwa rumfa-rumfa, ban samu ko ɗaya ba.