Alyssa Valdez ba ta ci lambar yabo a SEA Games ba, amma ba a nan ya kamata a auna ta ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen Alyssa Valdez a wajen masu bin kwallon raga ta mata a kasar Filifins, sai ka ji wani ya ce to ina lambar yabon da ta ciyo wa kasarta a gasar kudu maso gabashin Asiya, wato SEA Games? Kuma gaskiya ne, babu. Ita ce ta rike tutar kasar a bikin bude gasar a Singafo a 2015, ta sake rikewa a Kambodiya a 2023, amma tawagar mata sai dai ta kare a ta hudu, a 2017 haka, a 2019 ma da aka yi a gida Indunusiya ce ta kwace musu tagulla. Ni dai ina ganin wanda ya tsaya a nan ya yanke mata hukunci bai yi mata adalci ba ko kadan.

Yarinya ce daga garin San Juan a lardin Batangas, an haife ta a 1993, ta yi sakandare a makarantar Santo Tomas a Manila sannan ta wuce jami'ar Ateneo. A can gasar jami'o'i da suke kira UAAP ba karamin abu ba ne, kuma kwallon kwando ce sarauniya, ita ake nunawa ita ake kashe wa kudi. To a 2014 ne abin ya juya. La Salle, abokiyar hamayyar Ateneo ta gidi, ta ci kofi sau uku a jere, ta kuma cinye duk wasanninta na zagayen farko, saboda haka ka'ida ta ba ta fifiko, sai an doke ta sau uku a fainal ita kuwa sau biyu ya ishe ta. Ateneo ba su taba daukar kofin nan ba, manyan 'yan wasansu sun gama makaranta sun tafi, kocinsu Tai Bundit dan Tailan sabon zuwa ne, amma haka Valdez ta ja yaran nan suka bi matakai daya bayan daya har suka doke La Salle sau ukun nan. Shekarar da ta biyo baya kuwa wasa 16 suka buga ba su fadi ko daya ba. Sau uku a jere ana ba ta gwarzuwar 'yar wasa ta gasar.

Abin da ya fi kofunan nan muhimmanci a wajena shi ne mutanen da suka fara cika fili. Iyaye da 'ya'yansu mata suka rika bin layin tikiti don kallon 'yan mata na dukan kwallo a saman raga, gidajen talabijin suka ga akwai kasuwa, kamfanoni suka shigo da talla. Da ta gama jami'a ta dan taba wasa a waje, kulob din 3BB Nakornnont a Tailan da Attack Line a Taiwan, sannan ta dawo ta zauna a kulob din Creamline tun 2017, kuma 'yan kallon nan ba su tsaya a makaranta ba, sun biyo ta. A 2021 gasar PVL, wato ta kulob-kulob din kasar, ta koma ta kwararru, ma'ana yarinya za ta iya cewa wannan ce sana'ata da ita nake ci da ita nake sha, ba wai ta gama digiri ta ajiye takalmi ba. A Disambar 2023 mutum sama da dubu 24 suka shiga dakin wasa na Araneta kallon fainal din Creamline da Choco Mucho. Wasan mata fa, na cikin gida. Ba na cewa ita kadai ta yi wannan aikin, akwai su Jia Morado mai raba mata kwallo da 'yan La Salle da suka sa hamayyar ta yi zafi, amma kowa ya san fuskar da ake sa wa a jikin fosta.

To batun tawagar kasa fa? Rabon Filifins da zinare a kwallon ragar mata ta cikin daki a SEA Games tun 1993, shekarar da aka haifi Valdez din kenan, tagulla ta karshe kuma 2005, daga nan kasar ma ta daina tura tawaga sai 2015. Shekara goma ba a zuwa, ga rikicin shugabanci tsakanin kungiyoyi biyu kowacce na cewa ita ce mai iko da wasan har sai da aka kafa sabuwar hukuma a 2021, ga kulob-kulob da jami'o'i da jadawalinsu ke cin karo da na atisayen kasa. A daya bangaren Tailan ta rike 'yan wasanta wuri guda shekara da shekaru suna buga manyan gasannin duniya tare, kowacce ta san motsin 'yar uwarta. Hannu daya ba ya daukar jinka, kuma wasa ne na mutum shida, sai an karbi kwallo da kyau an daga da kyau kafin mai duka ta samu abin yi. Ta yaya za a dora wa mace daya laifin wannan gibin?

Akwai inda masu suka ke da gaskiya, zamanta a waje bai yi tsawo ba idan ka kwatanta da 'yar kasarsu Jaja Santiago da ta tafi Japan a 2018 ta kafu a can har ta karbi takardar zama 'yar kasa. Da Valdez ta dade a lig mai karfi irin wannan watakila da wasanta ya kara gogewa. Amma da ta tafi a daidai lokacin da PVL ke rarrafe, ban san wa zai rike musu 'yan kallo ba.

Gwiwarta ta samu rauni a karshen 2022, tun daga nan ba kullum take fara wasa ba, wani lokacin daga benci take tasowa, duk da haka tana nan a matsayin kyaftin Creamline suka kwashe kofuna uku na 2024. A wannan shekarar ce tawagar kasa ta ci tagulla a gasar kasashen Asiya ta AVC Challenge Cup a Manila ba tare da ita ba, Jia ce kyaftin, kuma cikin 'yan wasan akwai su Angel Canino da suke kananan yara lokacin da Ateneo ta doke La Salle a 2014.